Wayar Haske da Kunnen Baba Tsoho

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda Ya ba mu aron Baba Tsoho Ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi, aka yi masa sutura bayan azahar. Kakana ne, mahaifin babana, mai gyaran rediyo a Kazaure tun kafin a haife ni. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda gari yake da saurin mantuwa. Rumfar da ya yi shekara da shekaru yana aiki a cikinta, yanzu cajin waya ake yi a wurin, kuma mai cajin bai ma san wanda ya kafa ta ba.

Da ladan ya ɗauki makirfo zai sanar da lokacin jana'iza, sai lasifikar masallacin unguwarmu ta saki wata ƙara mai tsaga kunne, har sau biyu. Wani dattijo da ke alwala a bakin famfo ya ɗaga kai ya ce, "Ku ƙyale ta, ta san mai ita ya tafi." Wasu suka yi dariya, wasu suka share ido da bakin riga. Ni dai na yi duka biyun.

A zaman makoki na ga mutanen da ban taɓa sanin muna da su ba. Wani Bafulatani ya zo daga rugar da ke bayan Gwiwa, rediyo rataye a kafaɗarsa, ya ƙi ajiye ta har ya gama gaisuwa. Ya ce wa babana, "Wannan da kake gani sau huɗu tana suma, sau huɗu yana farfaɗo da ita. Yanzu in ta sake, wa zan kai wa?" Babana ya ce Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Da na shiga cikin gida kai ruwa, na tarar da wata tsohuwa daga Roni tana riƙe da hannun Iya, kakata, tana ba ta labari. Ta ce a zamanin da mazaje ke tafiya neman abinci ƙasashen nesa suna aiko saƙo a kaset, mijinta ya aiko mata guda ɗaya, daga nan ya rasu a can. Ta yi ta saurare har rediyo ta cinye zaren. Ta kawo wa Baba Tsoho a ƙulle cikin gefen zane tana kuka. Ya warware zaren da tsinke, ya goge, ya liƙa, ya mayar. Da za a gwada, sai ya danna ya miƙa mata, ya fita ya tsaya can bakin titi, ya ce maganar miji da mata ba ta mai gyara ba ce. Ta ce, "Hajiya, ko kalma ɗaya bai ji ba, kuma ya fi kowa kunne a garin nan." Iya ta ce ita ma sai yau ta ji wannan labarin.

Kowa ya zo da alherin da zai faɗa. Ni kuwa ina zaune a ƙarshen tabarma da abin da ya fi ƙarfin bakina. Na taɓa kunyata mutumin nan a gaban surukinsa, a kan wata 'yar waya da ba ta kai tsawon gaba biyu ba, kuma na daɗe ina yawo da wannan nauyin ban nemi gafararsa ba. In na yabe shi na ɓoye wannan, rabin gaskiya na faɗa.

Baba Tsoho gajere ne, siriri, da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zaren lilo. Rigarsa kullum ƙamshin dalma take yi, ko ranar Juma'a. In aka kawo masa rediyo ba ya saurin buɗe ta. Sai ya kunna, ya rufe ido, ya karkatar da kai gefe guda, ya yi shiru. Can sai ya ce, "Kondensa ce ta bushe," ko kuwa, "An jona mata batir a juye, wa ya yi?" A buɗe a tarar haka ne. Shi ya sa mutane suka sa masa Kunnen Gari, kuma wallahi yana son sunan, ko da yake in an faɗa sai ya ɗaure fuska ya ce a bar zancen banza.

Ranar kasuwar Gwiwa yakan ɗaure akwatinsa a bayan babur ya tafi tun da sassafe. Can ba wuta, sai ya hura gawayi a wani tsohon gwangwani ya riƙa gasa ƙarfen dalmarsa a kai, makiyaya sun kewaye shi kowa da tasa rediyon. In wani ya fara zagin rediyonsa sai ya ce, "Kai, bar zaginta, ba ita ta yi kanta ba." In aka kawo masa sabon kaya irin wanda aka liƙe ba ko kusa ɗaya a jiki, sai ya juya shi sama da ƙasa ya mayar wa mai shi. Ya ce, "Abin da ba ya buɗuwa ban yarda da shi ba." Wannan maganar na ji ta a bakinsa ta fi a ƙirga.

Ni da shi kuwa wasan jika da kaka muke yi, mai zafi ma. Iya tana ce mini angonta, shi kuma ya ce ni ɓarawon matarsa ne. In na yi sallama sai ya ɗaga murya ya ce, "A ɓoye tuwo, ga ɓarawo nan ya iso." Ni kuma in ce masa tsoho ya ƙi ya ba yara wuri. Haka na taso, ina ganin duk abin da na faɗa masa ya halatta. Ga shi Allah Ya yi ni da baki mai riga hankalina isa wuri. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce wasan nan yana da iyaka, ni ma ban tambaya ba.

Da yanar ido ta rufe ganin Iya, duniyarta ta koma kunne. 'Ya'yansu suka haɗu suka sayo mata talabijin da dikoda da amfilifaya mai sifiku, suka kafa sola da inbata saboda wutar gari ba ta da alkawari. Ba kallo take yi ba. Karatun Makka take so ta ji ya cika ɗaki, da tafsiri, da wasan kwaikwayo in an yi la'asar. Haɗa kayan kuwa ba wanda ya isa ya sa hannu sai Baba Tsoho. Ni lokacin ina Dutse ina sana'ar kafa sola da dish, sai na kira shi a waya in ji inda aka kwana.

To a bayan dikodar akwai ramuka biyu da sauti zai iya fita zuwa amfilifaya. Ɗaya zagayayye ne, na wayar jan ƙarfe, wadda 'yan kasuwa ke ce wa kowaksiyal. Ɗayan mai kusurwa ne da 'yar ƙofa, na wayar haske, wadda suke ce wa optikal. Saƙo ɗaya suke ɗauka, sautin da aka mayar lambobi, bambancin kawai ɗaya da wuta take kai shi, ɗaya da haske. Dukansu biyu sun zo a cikin kwali.

Na ce, "Tsoho, ta hasken za ka sa."

Ya ce, "Me ke cikinta?"

Na ce, "Haske mana."

Ya ce, "Hasken na gan shi, na leƙa, ga shi nan ja kamar idon ɓera. Na ce me ke cikinta?"

Na ce wani siririn zaren roba ne, shi hasken yake bi.

"In ta tsinke fa?"

"A sayi wata."

Ya yi dariyar da na sani, irin ta wanda ya kama ɓarawo da hannu a tukunya. Ya ce, "To ka ji. Ta jan ƙarfe in ta tsinke, in feƙe bakin in ɗora dalma, kafin shayi ya huce ta koma aiki. A taka ta, a lanƙwasa ta, a ja ta daga nan har zaure, ba ruwanta. Taka kuwa ko harara ba ta so."

Kuma gaskiyarsa, duk abin da ya lissafa haka yake, har yau in gida mai yara da awaki ne ko tazarar ta yi nisa, ta jan ƙarfen nake sa wa mutane. Amma na gaya masa abin da nake tsoro. Jan ƙarfe yana haɗa jikin na'ura da jikin na'ura, duk dattin da ke cikin wutar inbata sai ya samu hanya ya bi ya fito a sifika. In damina ta zo kuma aka yi tsawa ta sauka a dish, ta wannan hanyar za ta bi ta ƙone amfilifaya. Haske kuwa ba ya ɗaukar wuta, ba abin da zai tsallaka.

Ya ce, "In akwai datti zan ji."

Shi ke nan magana ta ƙare. Wa zai yi gardama da kunnen Baba Tsoho? Ya sa ta jan ƙarfe, ya mayar da ta hasken cikin kwali ya tura ƙarƙashin gado.

Ban zo gida ba sai washegarin Babbar Sallah. Na tarar da mijin Gwaggo, wato surukin Baba Tsoho, ya zo gaisuwa daga Babura da abokansa biyu, ɗaya ma daga tsallaken iyaka. Duk wanda ya san gidanmu ya san irin kunyar da ke tsakanin mutanen nan biyu. Shekara nawa da auren, amma mijin Gwaggo bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi sosai ba. Shi ma Baba Tsoho in surukin nan yana wuri sai ya sa babbar riga ya rage surutu. Ana zaune a falo bayan la'asar, ga soyayyen nama a faranti ba mai taɓawa, Iya tana gefe a kan dardumarta. Sai Baba Tsoho ya tashi da kansa ya kunna kayan, don baƙi su ji aikin hannunsa.

Karatu ya tashi, mai daɗi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani siririn kuka, ziiii, kamar sauro ya shiga kunne ya ƙi fita. Ba ya tsayawa. Na dubi mutane, kowa ya sunkuyar da kai. Na dubi Iya, na ga ta ja kallabinta ta rufe kunnuwa ruf, a wannan zafin. Shi kuwa ya rufe ido, ya karkatar da kai, yana murmushi.

Ya ce, "Kun ji? Tas, kamar ruwan rijiya."

Mijin Gwaggo ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Sai hamdala."

A nan ya kamata in cika bakina da nama in yi shiru. Ina! Sai na ce, "Tsoho, sauro ka fara kiwo a cikin sifika?"

Ya ce, "Wane sauro?"

Na ce, "Haba! Wannan da ya ishi kowa."

Ya dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce uffan. Maimakon wannan shirun ya ja ni baya, sai ya ƙara zuga ni. Na shiga ɗaki na jawo kwalin, na zaro wayar hasken, na cire ta jan ƙarfen na jona ta. Ko minti biyu ban yi ba. Kukan ya ɗauke ɗif, karatun ya fito shi kaɗai. Baƙon nan na tsallaken iyaka, bawan Allah, bai san lokacin da ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi!" ba.

Baba Tsoho bai ji wani bambanci ba. A fuskokinmu ya gani. Na ga idonsa yana yawo daga wannan zuwa wancan, yana karanta sauƙin da ya sauko wa kowa, na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Kuma duk da haka, Allah Ya yafe mini, sai da na ƙara. Na ce, ina dariya, "Kunnen Gari ya yi ritaya, a ba mu wuri."

Ba wanda ya taya ni dariyar. Mijin Gwaggo ya ƙura wa tabarma ido kamar zai huda ta. Baba Tsoho ya gyara babbar rigarsa ya ce, "To madalla. Injiniya ya gyara." Ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali magariba da sauran nisa.

Da baƙi suka tafi Iya ta kira ni. Ba ta ce angona ba. Ta ce, "Zauna. Wata biyar ina jin sauron nan, har kaina yana sarawa. Kana tsammani ni ma kurma ce? Duk gidan nan muna ji, ni na hana a faɗa. Ina jira ne in samu dabarar da za a canja bai sani ba. Kai ka zo da la'asar ɗaya ka kasa haƙuri." Na ce ai don ita na yi. Ta ce, "Don ni? To sannu da ƙoƙari."

Cikin satin nan ya kai wa liman makullin akwatin lasifikar masallaci, wanda yake hannunsa tun ina cikin zanen goyo. Ya ce a nemi mai jini a jika. Ya daina karɓar rediyo, ya daina zuwa kasuwar Gwiwa. In na zo gida kuwa, ba sauran a ɓoye tuwo. Sai ya gyara zama ya ce, "Sannunku da zuwa, Injiniya. Ya hanya? Ya iyali?" Ku fa yake ce mini, ni da ya yi wa huɗuba. Na gwada tsokanarsa sau biyu, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ni kuma taurin kai ya hana ni durƙusawa. Na ce wa babana, "Ai gaskiya na faɗa. Ga shi Iya ta huta da ciwon kai." Babana ya ce, "Gaskiya ce. A gaban wa ka faɗe ta?" A raina kuwa ina cewa tsoho ne kawai da rigima, zai huce. Na rage zuwa gida. In na kira waya aka ba shi, sai ya ce, "To, to, madalla," ya miƙa wa Iya. Na ɗauka fushi ne. Ban kawo a raina cewa jin ne yake ƙara tafiya ba.

Ana haka sai wayar hasken ta mutu. Matar Baffana ce tana shara ta ga waya tana jan ƙasa a bayan teburi, ta ga ai rashin tsari ne, ta naɗe ta tam kamar igiyar guga ta ɗaure da ƙyalle. Zaren ciki ya karye, ɗaki ya yi tsit. Ga tsohuwar wayarsa ta jan ƙarfe nan rataye a ƙusa, lafiyarta ƙalau, hannu kawai zai miƙa. Duk gidan an zuba ido a ga ya ɗauko ta ya ce ai dama na faɗa.

Bai ɗauko ba. Iya ce ta ba ni labarin, tana dariya tana share hawaye. Ta ce ya fito da akwatinsa da ya daɗe bai taɓa ba, ya sa reza ya yanka wayar hasken don ya ga cikinta da idonsa. Ya feƙe bakin biyu, ya haɗa, ya ɗora ƙarfen dalma. Abu ya narke ya bi masa yatsa, wari ya cika ɗaki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Yau na ga wayar da ta fi ƙarfina." Washegari da sassafe ya sa hula ya tafi tasha shi kaɗai, mutumin da ko masallaci sai da sanda, ya hau motar Kano. Da yamma ya dawo da sabuwa. Bai yarda ya sa ta a aljihu ba, a faɗaɗe ya naɗo ta ya ɗora a kan cinyarsa tun daga can har gida.

Iya ta ce masa, "Malam, ga taka nan a rataye, me ya kai ka wannan wahala?"

Ya ce, "Ni ba na jin sauron. Ke kina ji. Ɗakin kuma naki ne."

Ya jona, ta ƙi yi. Ya cire ya mayar, ya hura ramin, ya sake, shiru. Kwana uku yana fama, kuma ya ƙi a kira kowa. Sai Iya ta sa Gwaggo ta buga mini waya, ta karɓa ta ce, "Angona, zo, amma kada ka ce ni na kira ka." Na iso yana masallaci. Ina zaro wayar na ga matsalar. Sabuwar wayar haske tana zuwa da wasu 'yan huluna na roba a bakinta biyu, garau kamar ruwa, ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an cire su haske zai wuce. Idon saurayi ma yana tsallake su, balle nasa. Na cire na jefa aljihu, karatu ya tashi.

Da ya dawo Iya ta yi maza ta ce, "Malam, ka ga ta kama da kanta." Ya dubi sifika, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya ji tana motsi. Ya dube ni. Ya ce, "Sannunku, Injiniya." Daga ni sai shi sai Iya a ɗakin, ba baƙo, ba suruki. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa in faɗi ƙasa in ce na tuba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya ƙarfin jiki?" Na sha ruwa na kama hanyar Dutse. Tun daga Kazaure har na isa ina zagin kaina, amma ban juyo ba.

Da kaka ta yi, ana tsakiyar yankan gero, babana ya kira ni da safe. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "In kana da magana da kakanka, ka taho yau."

Na iso da hantsi. An fito da shi rumfar tsakar gida ya sha iska, an jingina shi da matasai. Ya rame har tabarau ya yi masa yawa. Gidan cike yake da masu dubiya: Gwaggo da matan Baffanni suna bakin murhu, maƙwabta suna shiga suna fita, ga mijin Gwaggo ya zo daga Babura yana zaune can nesa a bakin rumfa, ya tanƙwashe ƙafa. Na so in jira a watse. Na dubi yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, na ga ba ni da wannan lokacin.

Na durƙusa dab da shi, na sa bakina kusa da kunnensa, na ce a hankali, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Iye?"

Na ɗan ƙara. "Na ce ka yafe mini."

Ya ce, "Me?"

Iya tana zaune a gefen ƙafarsa. Ta ce, "Ɗaga murya, ɗan nan. Ai ba ya ji."

Na dubi tsakar gidan. Duk wanda nake jin nauyinsa a duniya yana wurin. Na cika ƙirjina da iska na kwarma, da irin muryar da ake kiran mutum daga wancan ƙarshen gona: "Baba! Na kunyata ka a gaban surukinka! Na yi maka rashin kunya! Ka yafe mini don Allah!"

Matar da ke daka a gidan maƙwabta ta tsayar da taɓarya. Gwaggo ta saki ludayi a tukunya. Mijin Gwaggo ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Ni kuwa ina nan durƙushe, hawaye da majina, mutum da 'ya'ya uku.

Baba Tsoho ya bar ni a haka na ɗan lokaci. Sannan na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Tun na farko na gane, a leɓenka na gani. Amma a gaban mutane ka yi, shi ya sa na ce bari su ma su samu rabonsu."

Wasu suka yi dariya cikin kuka. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe, hannunsa ba nauyi ko kaɗan. Ya ja numfashi, ya ce, da wata 'yar murya da ƙyar ta wuce haƙoransa, "Na yafe maka. Duniya da lahira."

Bai sake ni ba. Ya ƙura mini ido, na ga damuwa a fuskarsa, ta gaske. Ya ce, "Ta fito kuwa? Don ni ban ji kaina ba."

Na gyaɗa kai da ƙarfi, na sake gyaɗawa, don ya gani da kyau. Sai ya saki hannuna ya lumshe ido.

Kwana tara ya ƙara a duniya. Allah Ka ba Iya haƙurin zama a ɗakin nan ba shi, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ya huta. Ya Ubangiji, ni shaida ne, da kunnena na ji bawan nan naKa ya yafe wa wanda bai cancanta ba. Kai ma Ka yafe masa.